Katin juyen da na ɓoye a littafina

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Anti, ina gaishe ki da duk masu bibiyar shafin nan. Don girman Allah ki ɓoye sunana da lambata. Masu sharhi kuma ina roƙonku ku karanta har ƙarshe kafin ku fara zagina, domin duk zagin da za ku yi min na riga na yi wa kaina shi. Shekarata goma sha shida, ina aji biyu na babbar sakandare, muna zaune a Sharaɗa bayan kamfanoni. Ban taɓa rubuta wa kowa irin wannan ba. A gida ma ba na magana, kallo kawai nake yi. Kuma shi ne ya jefa ni cikin abin da nake ciki.

Babana shekara ashirin da uku ya yi a wani kamfanin fata a Challawa. Wanda ya san wajen ya san warin da nake nufi. Warin nan yana bin sa har gida, ya kama hularsa, ya kama kujerar babur ɗinsa, kuma a kan babur ɗin yake kai ni makaranta. Akwai wata a ajinmu da take toshe hanci da gefen hijabi idan na zauna, ta ce, "Wai wa ya shigo mana da akuya aji?" a kwashe da dariya. Ban taɓa gaya wa Baba ba. Na dai koma ce masa ya sauke ni a kwanar gidan mai, wai zan sayi biro. Kullum biro. Shi kuma bawan Allah bai taɓa tambayata ina nake kai birukan ba.

Bara kamfanin ya rage ma'aikata, Baba yana ciki. Da aka ba shi kuɗin sallama ya ce mota zai saya, Yayana ya riƙa ɗaukar ma'aikata daga Zawaciki zuwa Sharaɗa da Challawa safe da yamma, gida ya samu na cefane. Yaya shi ne babba a gidanmu, shekararsa ashirin da huɗu, ya iya tuƙi, yana da lasisi, har ya ajiye aikinsa na kamfanin roba saboda maganar nan. Umma ta ce me za a je nema wajen bare, ga ƙaninta dillalin motoci a Bompai? Kawu ke nan. Uwa ɗaya uba ɗaya suke da Umma, ita ta goye shi, har yau idan ya zo gidanmu ita take zuba masa abinci da hannunta ta tsince masa nama.

Wata Asabar da hantsi ya kawo motar. Ruwan toka ce, an wanke ta tana ƙyalli, cikinta sai ƙamshin turaren lemo. Yaya ba ya nan ranar, ya je karɓo takardarsa ta barin aiki. Kawu ya daki bayan motar da tafin hannu ya ce, "Malam, wannan ba mota ba ce, amarya ce. Shekararta shida kacal. Wata Hajiya ce a Nasarawa take hawa, daga gida sai asibiti, daga asibiti sai gidan biki. Kar ka ji ta bakina, duba mita da idonka." Baba ya ɗauko tabarau, ya sunkuya ya karanta a hankali kamar mai karanta sakamakon jarrabawa: dubu tamanin da tara. Kawu ya ce, "Ka gani ko? Ko dubu ɗari ba ta cika ba. Injin nan bai ma gama farkawa daga barci ba." Baba ya yi dariya irin wadda na daɗe ban ji ba.

Ni kuwa ina tsaye a gefe ina kallon abubuwan da ba wanda yake kallo. Robar da ke kan birki ta cinye har ƙarfe ya leƙo ta gefe. Kujerar direba ta lotsa ɓangare ɗaya, an rufe ta da sabuwar riga, amma sauran kujerun ba a yi musu riga ba. Lambobin da ke kan hannun giya sun goge tas. Maɓallin gilashin direba ya koɗe ya yi fari. Na ce a raina, wace irin Hajiya ce wannan da take taka birki har roba ta huje? Bikin nawa take zuwa a rana? Amma na ce wataƙila ni ce ban san mota ba, me 'yar makaranta ta sani?

Sai aka ce a shiga a zaga a ji lafiyarta. Kawu yana tuƙi, Baba a gaba, ni da Umma a baya. Mun kai wajen shataletale ya taka birki, awarwarona ya zame ya faɗa ƙarƙashin kujerar gaba. Na zura hannu ina laluba, sai na ji wata 'yar takarda mai kauri ta maƙale a jikin ƙarfen kujerar. Na zaro ta. Irin katin nan ne da bakanike yake ɗaurewa a jikin sitiyari da roba idan ya yi wa mota juye, ya rubuta ranar da ya zuba sabon baƙin mai da kilomitar da za a kai kafin a sake. Na san shi, domin motar shugaban makarantarmu tana da irinsa. Har robar tana jiki, ta tsinke. An buga sunan wani gareji a Lokoja, an rubuta da shuɗin biro. Ranar da aka yi juyen wata huɗu ne kacal kafin wannan Asabar ɗin. Lambar motar da aka rubuta ita ce dai wadda na karanta a bayan motar kafin mu shiga, harafi da harafi. A ƙasa kuma an rubuta juye na gaba: dubu ɗari uku da arba'in da bakwai.

Anti, ba na cikin masu ƙoƙari sosai a lissafi, amma wannan ko ɗan firamare ya gane. Na leƙa ta tsakanin kujeru na sake kallon mitar. Dubu tamanin da tara. Na kalli katin. Motar nan ba gidan biki take zuwa ba, hanyar kudu take ci dare da rana shekara shida, wani kuma ya zauna ya mayar da mitar baya. Na ɗago kai, sai idona ya faɗa cikin na Kawu ta madubi. Ya ga katin a hannuna. Wallahi ya gani. Bai ko girgiza ba, murmushi ya yi ya ce, "Malama shiru-shiru, ya kika ga motar Babanki? Ran Litinin sai 'yan ajinku sun leƙo ta taga suna tambayar 'yar gidan wa aka kawo." Sai Baba ya juyo gaba ɗaya. Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa ba ya kiran sunana. Ya ce, "Uwata, ta yi miki? In kin ce ba ta yi ba, a mayar." Da wasa ya faɗa, na sani. Amma ya tambaye ni. Katin yana cikin tafin hannuna, gumi yana jiƙa shi. Na tura shi cikin hannun rigata na ce, "Ta yi, Baba."

Zan iya ce muku tsoro ne ya hana ni magana, ko kunya, kuma akwai su. Ta yaya zan buɗe baki a gaban Umma in ce ƙaninki maƙaryaci ne? Amma tunda na zo neman shawara bari in faɗi wadda ta fi muni. Ina son motar. A daidai lokacin da Baba yake tambayata, ba fuskarsa nake gani ba, fuskar yarinyar nan mai toshe hanci nake gani. Ran Litinin Yaya ya sauke ni a bakin ƙofar makaranta, ba a kwanar gidan mai ba, na fito a hankali, na rufe ƙofa a hankali, na tabbatar ta gan ni. Kuma na ji daɗi. Shekara ashirin da uku Baba yana shaƙar warin fata, ni kuma na bari aka sayar masa da gawa don wata 'yar aji ta ga na fito daga mota. Wace irin 'ya ce ni?

Bayan sati ɗaya Kawu ya zo da waya a kwali, wai tawa ce, don karatu. Umma har da hawaye, ta ce, "Durƙusa ki yi wa Kawunki godiya mana, kin tsaya kamar gunki." Na durƙusa. Da Umma ta shiga ɗaki ɗauko masa ruwa, ya rage murya ya ce, "Abin da yake burge ni da ke, ba ki da surutu. Ki ɗore a haka." Na karɓa, Anti. Na karɓa, na sa mata riga mai fulawa.

Ba a yi wata biyu ba motar ta fara nuna shekarunta na gaskiya. Hayaƙi shuɗi da safe, baƙin mai yana raguwa kamar ana sha, ga wata ƙara a ciki kamar ana kaɗa cokali a kofi. Ta tagar ɗakinmu nake ganin Yaya kullum bayan ya dawo daga masallaci, ya buɗe gaban motar, ya zaro ƙarfen gwada mai, ya goge da wani jan tsumma, ya mayar, ya sake zarowa ya ɗaga shi sama yana dubawa. Ko rana ɗaya bai tsallake ba. Baba da Yaya suka kai ta wajen Oga Bitrus, wani bakanike ɗan Kafanchan da ke layinmu, wanda tun ina ƙarama shi yake taimaka wa Baba da gyaran babur. Yaya ne ya ba mu labari. Wai Oga Bitrus ya kara kunne jikin injin ya daɗe, sannan ya miƙe ya ce, "Malam, injin nan muryar tsohuwa gare shi. Mitar nan ni ban yarda da ita ba." Baba ya ce, "Bitrus, ƙanin matata kake kira ɓarawo?" Ya ce, "Ni ban kira kowa komai ba, abin da kunnena ya ji na faɗa." Tun ranar Baba ya daina tsayawa gaisawa da shi. Ina zaune ina tsince shinkafa ake wannan maganar, katin yana cikin littafina na Bayoloji, taku biyar daga inda nake. Na ci gaba da tsintar shinkafa.

Wata na huɗu injin ya buga. Da yamma ne, a hanyar Zawaciki, da mutum huɗu a ciki sun taso daga aiki. Da igiya aka jawo ta gida. Baba ya kira Kawu, ya zo da farar shadda da carbi, ya zagaya motar sau ɗaya, ko gabanta bai buɗe ba. Suka shigo tsakar gida aka shimfiɗa tabarma, Umma ta ce in kawo ruwa. Ina tsaye da faranti na ji yana cewa, "Malam, ni ba na son shiga tsakanin ɗa da uba. Amma motar da ko dubu ɗari ba ta cika ba, ba ta buga inji haka kawai. Shekarata nawa a harkar nan? Yaran yanzu ne, gudu, da waya a kunne, ba duba mai ba duba ruwa." Yaya ya ce, "Kawu, wallahi kullum sai na duba mai. Baba, kai ma kana gani." Baba ya ce, "Abin da nake gani shi ne mota a mace a ƙofar gidana." Yaya ya ce, "Baba, to ko dama motar ce..." Bai ƙarasa ba Umma ta daka masa tsawa, "Kul! Kawun naka?" Kawu ya girgiza kai ya ce wa Umma, "Ƙyale shi Yayata, ai laifina ne da na yi zumunci." Sai Baba ya tashi ya mari Yaya. Mutum mai gemu, a gabanmu, a gaban ƙannensa. Ya ce, "Ka kashe min mota, kuma ka zagi wanda ya yi mana alheri? Fita min daga gida." Yaya ya dafe kunci, ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita. Kawu ya miƙa hannu ya ɗauki kofin da ke kan farantina, ya sha, yana kallona ta saman kofin. Har "sannu" ya ce min.

Ku gaya min, me ya riƙe bakina a lokacin? Kalma nawa ce? "Baba, tsaya, ga kati." Shi ke nan fa. Amma da na faɗa, tambayar farko da za a yi min ita ce tun yaushe yake hannunki. Sai in ce tun ranar da kuka tambaye ni a mota? Sai na zaɓi fatata, na bar ta Yaya.

Yau sati bakwai. Yaya yana raɓe a ɗakin wani abokinsa a Dakata, yana lodi da sauke kaya a sito, shi da ya bar aikinsa mai albashi saboda Baba ya ce ya bari. Motar tana ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, tayoyi biyu sun sace, awakin maƙwabta suna kwana a ƙarƙashinta. Baba yana fita neman aikin gadi a kamfanonin da a da ko kallonsu ba ya yi, ya dawo ya shimfiɗa tabarma kusa da ita ya zauna. Ni kuma na koma tafiya makaranta a ƙasa, kuma wallahi yanzu ko yarinyar nan ta toshe hanci ba na ji.

Ran Talatar da ta wuce na fito daga makaranta na tarar da Yaya a tsallaken titi yana jirana. Ya rame, hannunsa duk ya faffashe. Ya miƙo min ƙullin gyaɗa ya tambayi jikin Baba, ya tambayi ko Umma tana cin abinci. Muka yi tafiya kaɗan, sai ya ce, "Ke da ba abin da yake wuce ki, kin ga ina duba man nan kullum ko?" Na ce, "Na gani, Yaya. Da jan tsumma." Ya yi dariya har ya dafa kaina ya ce, "To alhamdu lillahi. Ko mutum ɗaya ya san ban yi ba, ya ishe ni." Littafin Bayoloji yana cikin jakar da ke bayana. Na ce masa sai an jima.

Haushi nake ji, Anti. Ina jin haushin Kawu da yake zuwa gidanmu har yanzu ya miƙe ƙafa ya ci tuwon Umma, ya ce wa Baba a yi haƙuri, jarrabawa ce. Jarrabawar da kai ka rubuta da hannunka? Yayarka da ta goye ka, mijinta ka samu ka yanka? Duk masu sayen mota a Kano ba ka ga kowa ba sai mutumin da ya zo maka da guminsa na shekara ashirin da uku? Ina jin haushin Baba da ya yarda da lambobi biyar a jikin gilashi fiye da ɗan da ya haifa, fiye da Oga Bitrus da bai taɓa cutarsa ba. Ina jin haushin duk matan da suke zuwa gidanmu suna cewa, "Kai, 'yar nan taki akwai kunya, ko muryarta ba a ji," Umma tana murmushi. Ga abin da kunyar ta haifa nan a ƙofar gida, awaki na kwana a ƙarƙashinsa. Amma duk haushin nan idan ya zagaya, kaina yake dawowa.

Na gwada sau ɗaya. Umma tana tankaɗe, na zauna kusa da ita na ce, "Umma, idan a ce motar nan tun farko ta yi tafiya fiye da yadda aka ce fa?" Hannunta ya tsaya a kan rariya. Ba ta kalle ni ba. Sannan ta ci gaba da tankaɗe da ƙarfi ta ce, "Tashi ki duba min tukunya." Tun ranar nake zargin ita ma zuciyarta ta gaya mata wani abu, tana tsoron ji ne kawai. Domin idan ta tabbata, da wane ido za ta kalli Baba, ita da ta ce kar a je wajen bare? Na san halin Baba idan ransa ya ɓaci. Ina tsoron in dawo da Yaya gida in fitar da Umma.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne lokaci ya ƙure min. Kawu ya sa baki, wai shi mai gyara zumunci. An tsayar da Juma'ar nan bayan an sauko daga masallaci, Yaya zai zo ya durƙusa a gaban Baba ya amsa cewa sakacinsa ne ya kashe motar, ya ba Kawu haƙurin maganar da ya faɗa, sannan a bar shi ya dawo gida. Yaya ya yarda, ya ce saboda Umma zai yi. Daga nan Kawu zai turo a ja motar zuwa Bompai, wai zai taimaka ya rabar da ita ga masu sayen kayan gyara. Idan ta tafi, ba mita, ba lamba, ba abin da zan haɗa katin da shi. Yaya kuma zai ɗauki laifin da bai yi ba har ƙarshen rayuwarsa, kuma na san ni za a ce in kawo ruwa.

Na yi tunanin in ajiye katin a kan dardumar Baba in gudu, amma zai tambayi wa ya ajiye, kuma a gidan nan kowa ya san wa yake tsintar ƙananan abubuwa. Na yi tunanin in kai wa Oga Bitrus, amma Baba zai ce shi ya rubuta don ya rama. Na yi tunanin in ba Yaya, amma sai na tuna dariyar da ya yi min a titi, da yadda fuskarsa za ta koma idan ya ji tun kafin ya taɓa sitiyarin motar na sani. Idan kuma na tashi a gaban kowa ran Juma'a na miƙa wa Baba da hannuna, Kawu abu ɗaya zai ce, ku tambaye ta wa ya saya mata waya, kuma me ya sa ta karɓa. Kuma gaskiyarsa ce. Wayar da nake rubuto muku wannan saƙon da ita, ita ce.

Baba har yanzu Uwata yake ce min. Jiya ma da na kai masa shayi wajen motar ya ce, "Uwata, ke kaɗai ce ba ki taɓa ɓata min rai ba a gidan nan."

Saura kwana uku. Don Allah ku bar zagin zuwa Asabar, yanzu amsa nake nema. Me zan yi?